Sunan da Ban Rubuta a Hannun Dama Ba

Anti Glenys Trewin ta rasu ranar Talata, sha huɗu ga watan Janairu, a ɗakinta na haya da ke Layin Tasha, a nan Yarrambi. Shekarunta saba'in da huɗu. A nan Janairu tsakiyar bazara ne, a ranar rediyo ya ce zafi ya kai digiri arba'in da biyar. Ita kaɗai ce a ɗakin.

Malama Pryor, wadda ta koyar da ni a aji shida, ita ce sakatariyar reshen jam'iyyar masu kare muhalli, wadda ake kira 'yan kore, a garinmu. Ta ce duk mai so ya rubuta wani abu a sa a takardar tunawa da Anti. Manya sun riga sun miƙa nasu. Ni sunana Lesieli Havili, shekarata goma sha uku, kuma ban taɓa rubuta abin da ya wuce aikin makaranta ba. Amma akwai maganar da ban gaya wa kowa ba, ko Mama, kuma na ga in ban faɗe ta yanzu ba za ta tsufa a cikina. Da ke zan yi maganar, Anti Glenys, domin kina katse kowa a tsakiyar zance, har fasto, amma ni kina jira in gama.

Ni ce na kwafe takardar ƙwanƙwasa. Na ga babu sunanki a hannun dama. Na gani sarai, na yi shiru.

Bari in yi wa wanda ba ɗan unguwarmu ba bayani. Takarda ce guda ɗaya da aka ja wa layi a tsakiya. A hannun dama akwai sunayen tsofaffi da marasa lafiya da suke zaune su kaɗai. A hannun hagu, daidai da kowane suna, akwai sunan wanda zai je ya ƙwanƙwasa musu ƙofa. Duk ranar da aka ce zafi zai kai arba'in, sai an ƙwanƙwasa sau biyu, ƙarfe sha ɗaya na safe da huɗu na yamma. Ke kika ƙirƙiro ta, kuma kin hana waya. Kika ce, "Tsoho a waya maƙaryaci ne. Yana narkewa kamar kyandir zai ce miki lafiya ƙalau." Sai an ga fuskar mutum, ya sha ruwa a gabanka, ka duba ko ya saki labule. In ɗakin ya yi ƙuna da yawa, a kai shi laburare, inda na'urar sanyaya ɗaki take aiki kyauta.

A watan Nuwamba, wata ranar Laraba bayan makaranta, kika zaunar da ni a teburin kicin ɗinki. Kika ce hannunki ya fara rawa, rubutunki ya koma tonon kaza, in kwafe miki ta bana da kyau. Kika ajiye min shayi da biskit ɗinki masu taurin nan, waɗanda Baba yake cewa da za ki ba shi buhu biyu da ya gina mana katanga. Sunaye goma sha tara ne a dama. Naki yana hagu sau uku. Da na kai ƙasan takardar na sake bin ta daga sama, sai na ga Madam Oakes tana dama, alhali kin girme ta da shekara biyu. Ke ma ke kaɗai kike zaune, ke ma rufin kwano ne a kanki, tagarki ma yamma take kallo.

Na ce, "Anti..."

Kika ce, "Na'am, 'yar shiru-shiru? Faɗi, ba na cizo. Haƙoran ma na roba ne."

Na ji fuskata ta ɗauki zafi. A gidanmu yaro ba ya gaya wa babba cewa ya tsufa, ko cewa ya manta wani abu. Na ce, "Ba komai. Biron ne ya kusa ƙarewa."

Kika miƙo min wani biron. Aka buga takardar aka raba, aka manna ɗaya a ƙofar coci, ɗaya a laburare, ɗaya a jikin firijinki. Mutane da yawa sun karanta ta, ba wanda ya lura, don wa zai yi tunanin duba mai duba mutane? Wataƙila ko an faɗa miki da kin yi tsaki, wanzami ba ya son jarfa. Amma ni na lura, kuma ga biro a hannuna.

Zan dawo kan wannan. Ina so in fara faɗin ko ke wace ce, kada abin da na yi ya cinye takardar.

Shekara uku da suka wuce Mama ta yanke jiki ta faɗi a babbar rumfar da suke zuba inabi a kwali. Ba ta faɗa a gida ba, don kada Baba ya ce ta bar aikin. Washegari da yamma sai ga ki a ƙofarmu, a kan kekenki mai koren kwando, gumi ya jiƙa miki hula. Kika ce wa Mama ke ma kin yi shekara talatin a wannan rumfar, kin san bangon da ya fi ƙuna, kin san famfon da yake zubo da ruwa kamar na shayi. Ni na buɗe miki ƙofa, na gudu bayan kujera. Kika leƙa kika ce, "Ikon Allah, kujerar gidan nan ƙafa shida gare ta."

Takardar koke kika kawo, wadda jam'iyyarku za ta kai majalisar jiha. Abu biyu ne a ciki: a ba ma'aikata hutu a inuwa da ruwan sanyi in zafi ya tsananta, kuma kada a ba da gida haya sai da abin sanyaya ɗaki mai aiki, ba tare da an ɗora wa ɗan haya ƙarin kuɗi ba. Mama ta sa hannu a tsaye. Baba ya ƙi.

Ya ce, "Ni ɗan kwangila ne yake ba ni aiki a gonar inabi, ba 'yan kore ba. Ganye ba ya biyan haya."

Kika kira sunansa kika ce, "Malakai, gawa ma ba ta biya."

Baba ya yi dariya har ya riƙe ciki, amma bai sa hannu ba ranar. Sai da kika zo sau huɗu, kika cinye mana ganyen gwaza da nama kusan tukunya guda, sannan ya karɓi biro, ya ce don ki daina zuwa daidai lokacin abinci. Ba ki daina ba.

Kin hau bas na awa bakwai kin kai koken babban birni a cikin kwalin inabi. Har yau majalisa ba ta gama da shi ba. Amma mai rumfar su Mama ya yarda, in an ce arba'in, a fara aiki da asuba a tashi ƙarfe ɗaya, kuma ya sa tankin ruwan sanyi a bakin ƙofa. Mama ba ta sake faɗuwa ba. Matan rumfar suna kiran tankin Glenys. Za ka ji wata ta ce, "Bari in je in gaishe da Glenys," ta ɗauki kofinta.

A makaranta an koya mana ɗumamar yanayi da hoton ƙanƙara tana narkewa a ƙasashe masu nisa. Ke ba haka kika koya min ba. Wata rana muna naɗe takardun jam'iyya kika nuna min titi ta taga, kika ce, "Rana ɗaya ce a sama, Lesieli, amma ba a raba ta daidai ba. Mai ofis ya sami cokali guda, babanki ya sami bokiti." Kika ce maganar albashi da maganar haya da maganar yanayi duk magana ɗaya ce, mutane ne suke yanka ta uku don su gaji kafin su gama.

Na tuna taron da kuka yi a zauren gari. Mutum ashirin da ɗaya suka zo, sha uku daga cikinsu 'yan cocinmu ne da Mama ta jawo. Kika roƙi Baba ya faɗi abin da ya faru a tsibirinsu a Ha'apai, can tsakiyar teku inda iyayena suka fito. Baba ba ya magana a gaban jama'a, ni na gado shi. Ya miƙe yana murza hularsa, ya ce teku ta cinye itatuwan kwakwa na bakin gari, sannan ta cinye hanya, sannan ta iso kabarin mahaifiyarsa, sai da 'yan'uwansa suka tone ta suka kai ta tudu. Ya zauna. A ranar ba ki katse kowa ba, ba ki ma iya rufe taron ba, Malama Pryor ce ta rufe. A mota Baba ya ce miki har yanzu ba zai zaɓi kore ba. Kika ce, "To sa ni a lamba biyu, ba na fushi." A nan jera 'yan takara ake yi da lamba a kan ƙuri'a, Baba kuwa bai taɓa faɗa mana lambar da ya sa ki ba.

Sau uku kika tsaya takara, sau uku kika faɗi. A na ƙarshe, cikin kowane mutum ɗari, shida ne suka sa ki a lamba ɗaya, kika yi ta murna don a na baya biyar ne. Ranar zaɓen nan kika ba ni koriyar riga da ta kai min gwiwa, kika tsayar da ni a ƙofar makarantarmu in riƙa miƙa wa masu zaɓe katin da ke nuna yadda za su jera lambobi. Na ce miki ba zan iya magana ba. Kika ce, "Wa ya ce ki yi magana? Miƙa hannu kawai. Surutun ki bar min, ina da na mutum biyu." Na wuni ina miƙa hannu, ƙamshin sosej ɗin da iyayen yara suke soyawa yana dukan hancina. Da rana ta take kika sayo min biyu a burodi da albasa. Ban ce uffan ba duk wunin, amma da yamma kika gaya wa Mama ni ce na fi kowa aiki.

A ranar ce na fara ganin Mista Carmelo Ruffo. Tsohon mai gonar inabi ne, shekarunsa tamanin da huɗu, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna nesa. Ya taho da sandarsa, ya tsaya a gabanki ya ce da ƙarfi, "Kankana! Kore a waje, ja a ciki kamar tutar 'yan gurguzu. Ku ne za ku hana mu ruwan kogi ku ba kwaɗi."

Kika ce, "Carmelo, kwaɗin ma sun fi ka fara'a. Ka sha ruwa yau?"

Ya ce, "Na sha giya, ta fi ruwanku tsabta."

Na miƙa masa kati. Ya karɓa, ya goge gumin wuyansa da shi, ya mayar min.

Da aka fara takardar ƙwanƙwasa ba wanda ya yarda a haɗa shi da Mista Ruffo. Ya taɓa koran wani ɗan cocinmu da tiyon ban ruwa. Sai kika sa sunanki. Sau ɗaya na raka ki, na tsaya a bakin titi saboda karensa. Kika ƙwanƙwasa, ya fara zagi tun daga ciki, da harshen garin nan da nasu na Italiya, ya buɗe yana ci gaba, kina tsaye da gorar ruwa har ya sha rabi don ki tafi. A hanya na tambaye ki me ya sa kike jurewa. Kika ce, "In ya zage ni na san da ransa. Ranar da ya ce min sannu da zuwa, ki kira motar asibiti."

Na'urar sanyaya ɗakinki ta lalace kafin Kirsimeti. Kin rubuta wa dillalin gidan, ya ce sai bayan hutu. Ke da kika rubuta wa mutane irin wannan wasiƙar sau biyar-biyar, kina bin dillalai har ofis, taki sau ɗaya kika rubuta. Da Mama ta yi miki magana kika ce kina da fanka, kuma tsohuwar fata ba ta jin wuta.

Ga sauran abin da ban faɗa ba.

Ranar Talatar nan Mama da Baba sun fita aiki tun asuba. Ana hutun makaranta, ni nake riƙe da ƙannena biyu. Da gidan ya fara ƙuna na ɗebe su za mu laburare, hanyar kuwa ta Layin Tasha take bi. Ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin muka zo daidai ɗakinki. Kekenki yana jingine a bango. Gorunan ruwa uku suna cikin kwando, rana tana dukansu. Na san a wannan lokacin bai kamata keken ya kasance a nan ba. Ya kamata yana ƙofar Madam Oakes ko ta Mista Ruffo.

Na tsaya a bakin ƙofar shingenki. Na sa hannu a ƙarfen, ya ƙone ni. Na ce a raina wataƙila kin gaji kin kwanta, in na tashe ki me zan ce? Wataƙila wani ya ɗauke ki a mota. Wataƙila za ki buɗe ki ce, "Lafiya?" ni kuma in tsaya kamar gunki. Ƙaramin ƙanena yana ja min riga yana cewa ƙafarsa tana ƙuna. Taku goma ne tsakanina da ƙofarki. Na wuce.

A laburare na buɗe littafi ban karanta ko layi ba. Da za mu koma na bi ta wata hanyar, na ce wa yaran ta fi inuwa.

Wajen ƙarfe biyar muna cin abinci aka buga ƙofarmu da sanda. Mista Ruffo ne. Ya yi tafiyar layi huɗu a wannan rana, fuskarsa ta yi jajur, yana haki. Bai gaishe da kowa ba. Ya ce wa Baba, "Kankanar ba ta zo ba. Da safe ba ta zo ba, yanzu ma ba ta zo ba." Baba ya ajiye cokali ya fita ko takalmi bai ɗaura ba.

Ya same ki a kujerar kicin, hularki a kanki, makullin keke a hannunki. Fanka tana ta juyawa tana kaɗa iska mai zafi. Likita ya gaya wa ɗanki Rodney cewa zuciya ce, zafi ya fi ƙarfinta, kuma ba zai iya faɗin lokacin daidai ba, tsakanin hantsi ne da tsakar rana. To ban sani ba, Anti. Ban sani ba ko lokacin da nake tsaye a bakin shingenki kin riga kin tafi, ko kina jin muryar ƙanena. Ba mai iya gaya min. Na yi ta tambayar Allah, bai amsa ba tukuna.

Rodney ya taso daga Perth, yana so a yi jana'iza 'yar ƙarama. Bai san mu ba. Cocinmu gaba ɗaya ya zo, cikin baƙaƙen kaya da tabarmin makoki a ƙugu kamar yadda al'adarmu take, matan rumfa suka zo, masu tsinkar inabi suka zo da takalman aiki, 'yan reshenku bakwai suka zo da korayen riguna. Muka yi waƙa har gilashin taga yana rawa. Rodney ya matso kusa da Mama a rikice ya ce, "Ai mahaifiyata ba ta zuwa coci." Mama ta ce, "Ba komai, ɗana. Cocin ne ya zo wurinta." Baba yana cikin waɗanda suka ɗauke ki. Mama ta ɗaura min tabarmar da ta fi girma da tsufa, irin wadda ake ɗaura wa na jiki, ban san ko ta san dalilin da ya sa na kasa ɗaga kai ba.

Bayan an dawo aka sa ni raba 'otai, gurzajjiyar kankana da madarar kwakwa da kike so. Mista Ruffo yana can ƙarshen zaure shi kaɗai, ya sa kwat a wannan zafi. Ba wanda ya je kusa da shi. Kofi ɗaya ya rage a tirena, na kai masa. Ya leƙa ciki ya ce, "Wata kankanar kuma." Ya sha. Na juya zan tafi sai ya yi magana, ba ni yake kallo ba, bango yake kallo.

Ya ce, "Tun sha ɗaya na san ba ta zo ba. Na sa riga, na zauna a bayan ƙofa ina shirya zagin da zan yi mata na latti. Awa biyar ina shiryawa. Zagi mai kyau ne." Ya ajiye kofin. "Wawan tsoho."

Na buɗe baki in ce masa ni ma na ga keken. Na fasa. Na ɗauki kofin na tafi. Kin ga ko a ranar jana'izarki ban canja ba.

Tun daga nan ranar Laraba, da na saba zuwa wurinki, ta yi min tsawo. Ba ni da ƙawaye da yawa, kin sani. 'Yan ajinmu suna kirana jelar tsohuwar kore, ban taɓa gaya miki ba don kada ki je makarantar ki yi musu lacca. Mako mai zuwa zan fara sakandare, kin ce za ki raka ni ranar farko ki tsaya nesa don kada ki ba ni kunya. Rodney ya bar min kekenki. Yana rumfar ajiyarmu, na rufe shi da tsohon zanen gado. Wani lokaci ina zama a gefensa in yara sun dame ni, amma ban buɗe shi ba.

Ranar Lahadi reshenku ya yi taro a laburare, Mama ta tafi da ni. Sun yi magana a kan koken, sun ce za su sake kai shi majalisa da sunanki a kai, kuma sun yi gardama a kan wanda zai tsaya takara a madadinki. Duk abubuwa ne masu kyau. Sai can ƙarshe Malama Pryor ta tuna da mutanenki uku. Mama ta ɗauki Madam Oakes, wata matar rumfa ta ɗauki na biyun. Da aka zo kan Mista Ruffo kowa ya dubi ƙasa. Malama Pryor ta ce ta je da kanta, ya ce mata ta cikin taga, "Mutum ɗaya na ba izinin damuna, ta mutu. Kar wanda ya zo min ƙofa." Aka ce a bar shi ya huce, a sake magana a taro na gaba. Taro na gaba sai wata mai zuwa. Rediyo ya ce ranar Asabar ɗin nan arba'in da huɗu.

Aka tashi, ba wanda ya ce komai a kan hannun dama. Ni ma ban ce ba. Amma Malama Pryor ta miƙo min takardar ta ce, tunda ni na kwafe ta farko, in gyara ta.

Anti Glenys, kin taɓa ce wa fastonmu ba kya zuwa coci don Allah ya san adireshinki, in yana nemanki ya ƙwanƙwasa. To ya ƙwanƙwasa. Ina roƙonsa ya jiƙan ki, ya gafarta miki kurakuranki, ya yi miki rahama fiye da yadda kika yi wa mutane. Ya ba ki inuwa mai sanyi da ruwan da ba ya ɗumi. Ya sa duk ƙofar da kika tsaya a gabanta a cikin rana ta zama shaida a gare ki. Ni kuma ya yafe min, ke ma ki yafe min.

Ina yi wa Rodney ta'aziyya, da 'yar'uwarki Anti Valmai da ke Adelaide wadda jiki bai bar ta ta zo ba, da 'yan reshenku bakwai, da matan rumfa, da Mamana da har yanzu take zuba abinci da yawa ranar Juma'a, ranar da kika saba zuwa gidanmu. Ina yi wa Mista Ruffo ta'aziyya, ko da yake na san ba zai karanta takardar 'yan kore ba. Allah ya ba mu haƙuri duka.

Na gama gyara takardar jiya. Yanzu sunaye ashirin da biyu ne a dama. Na ƙara duk wanda yake hagu amma shi kaɗai yake zaune, har Malama Pryor. Ban tambaye su ba, kuma na sa Baba a gefen sunanta, shi ma ban tambaye shi ba tukuna. A layin Mista Ruffo na rubuta Lesieli Havili a hagu, da biron da kika ba ni. Na gwada ƙwanƙwasawa a ƙofar kabad ɗinmu lokacin da ba kowa a gida. Na farko ko ni ban ji ba. Yanzu ana ji daga kicin.

Da ƙafa zan je, ban shirya wa keken ba tukuna. Na sa gorar ruwa a firiji, na ajiye wa karen guntun sosej. Ranar Asabar ƙarfe sha ɗaya zan tsaya a ƙofarsa, kuma ba zan tafi ba sai ya zage ni.